Zumar Sata a Tudun Manuka

Eruera da yayarsa Hinewai ba sa ga-maciji tun ranar da tsohonsu ya raba musu tudun manuka, itacen nan da ƙudan zuma ke shan furensa, ya ba ta gefen da hantsi ke fara dukawa. Shingen waya ne kawai tsakanin amyoyinsu, shi kuwa ƙudan zuma ina ruwansa da shinge.

Da kaskar zuma, mai tsotse ƙudan har su mutu, ta shigo yankin, kowa ya rataya magani a amya, ban da Hinewai. Ita danƙo ta riƙe, wannan baƙin danƙon da ƙudan ke toshe kafofin amya da shi. Takan kankaro ta jiƙa, ta ba mai ciwon maƙogwaro, ta shafa wa mai gyambo, kuma ana samun sauƙi, ba ƙarya. To sai taurin kai ya ce mata abin da ya warkar da mutum zai kashe kaska. Ta dinga fesa wa ƙudanta.

Eruera ya ga ƙudan nata suna rarrafe a ƙasa, fukafukai a murɗe. Ga ragowar magani a motarsa, amma mugun ya ƙi ba ta.

"Sannu Yaya bokanya," ya ce ta kan shinge. "Ya masu jiki?"

"Sun fi naka da kake ɗura wa guba."

"In sun mutu ki shafa musu danƙo, ƙila su tashi."

"Matsa min daga shinge, ɗan baƙin ciki."

So yake su mutu, ba wani ɓoye-ɓoye. In nata suka ƙare, furen tudun kaf nasa ne.

Fure ya ƙare, ya cire maganinsa, sai ga amyoyinsa suna ƙara nauyi. Ya tsaya ya duba. Ashe ƙudansa ne ke tsallaka shinge suna wawushe zumar amyoyinta da suka rasa masu gadi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bar su suka yi ta jida.

Ranar da ya buɗe amyarsa ta farko, dariyar ta tsaya. Kaska jajir a kan 'ya'yan ƙudan, kamar an watsa riɗi. Ta biyu ma haka, har ta ƙarshe. Ɓarayin nasa ba zuma kaɗai suka ɗauko ba.

Hinewai na can tana loda amyoyinta da babu komai a ciki. Ba ta ko ɗago ba.

"Ni na gama binne nawa," ta ce. "In kana son danƙo, akwai saura."