Biyun da Umma Ke Dannawa

Tun da likita ya gano cutar da ke cin rigar jijiyoyin Umma, wadda ya kira MS, wayarta ta koma 'yar sa ido. Safe, rana da yamma sai ta yi ƙara ta tambaye ta yawan gajiyarta, daga sifili zuwa goma. Lambar takan tafi wurin likita, ta kuma faɗa wayar 'yarta a wurin aiki.

Umma kuwa biyu take dannawa, kullum biyu. Matar da ta tsufa tana amsa "ba gajiya" ko da ƙafafunta na rawa, ai ba waya ce za ta sa ta kai ƙarar jikinta ba. Amma maganar gaskiya, tsoro ne. Da kunnenta ta ji surukinta a kicin yana cewa ranar da lambar ta haura, gidan raino za a kai yaron. Yaron kuwa shi ne Mai Kumatu, jikanta mai rarrafe, wanda take tsokana da maigidana. Duk gidan shi kaɗai ne ba ya yi mata kallon majinyaciya.

"Umma," 'yar ta ce rannan tana neman makullin mota, "likita ya ce biyun nan taki ta cika kyau."

"To so yake in faɗi? Ki ce masa na gode."

Da rana madarar yaron ta ƙare. Shago na ƙasan benensu, lif ɗin da ke hawa da sauka da mutane kuma ya lalace. Ta saɓa shi a kafaɗa suka sauka lafiya, har tana yi masa waƙa. A dawowa ne zafin rana ya karɓi rabonsa. Gajiyar wannan cuta ba ta sallama, zuwa take kamar an ɗauke wuta. A tsakiyar matakala ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa, hannun da ke riƙe da yaron ya fara saki da kansa.

Ta saki gwangwanin madarar, ta zube a zaune, ta danne yaron a ƙirji da haɓarta. Gwangwanin ya bi matakalar yana ƙara, hawa bayan hawa, har ƙasa. Ta bi shi da ido ba ta ƙifta ba. Mai Kumatu kuwa dariya ya kama yi, yana zillo zai bi shi.

"Zauna, maigida. Don Allah zauna."

Babu kowa a benen, duk an tafi aiki. Ta gwada miƙewa, jiki ya ce bai san zancen ba. Yaron na ta zamewa, tana ta jawo shi da gwiwa.

Sai wayar ta yi ƙararta a aljihu. Da ƙyar ta zaro ta. Babban yatsanta ya nufi biyu, don ya san hanya. Ta dubi gwangwanin can ƙasa, gefensa ya lotse. Ta danna tara.

Ko ajiye wayar ba ta yi ba kiran 'yarta ya shigo.

"Umma, hannunki ne ya zame?"

"A'a, 'yar nan. Muna kan matakala. Ki zo ki karɓi ɗanki."

Ta kashe wayar, ta cusa hancinta cikin sumar yaron tana shaƙar ƙamshinsa, tun kafin a zo.