Koriyar Tawada

Makarantar Hedimasta ba ta da filin ƙwallo, ba ta da motar kai yara gida, kuma rufin aji uku yana yoyo tun kafin a haifi 'yan ajin. Duk da haka iyaye kan zo neman gurbi tun yaro yana goye. Dalili ɗaya ne: ta nan ake bi a hau makarantar maza ta kan tudu, wadda ke ɗaukar yara ɗari da ashirin a shekara cikin kusan dubu biyu da ke nema. Ƙananan makarantu shida ne ke tura mata ɗalibai, kuma ta Hedimasta ce ta fi samun rabo. Bakwai, takwas, in shekara ta yi kyau tara.

Akwai jarrabawar shiga, amma yaran da aka shekara shida ana ɗura musu tambayoyin baya kusan maki ɗaya suke ci. Abin da ke raba gardama shi ne wasiƙar shugaban makarantar da yaro ya fito. Ƙa'ida ta ce sai uba ko uwa sun karanta wasiƙar, sun sa hannu a bayanta, kafin a liƙe ambulan, saboda haka babu shugaban da ke rubuta gaskiya a ciki. Kowane yaro haziƙi ne mai ladabi. Har wanda ya ciji malamar lissafi a hannu, a takarda mai kuzari ne.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Hedimasta da Magatakardan makarantar tudu suka samo mafita, a tsaye a bakin mota, ba tare da an rubuta ko'ina ba. Hedimasta yana da alƙalami biyu irin masu shan tawada daga kwalba. Wasiƙar da ya sa wa hannu da koriyar tawada, ya tsaya wa yaron ke nan, a ɗauke shi. Wadda ya sa wa shuɗiya, su duba da kansu, su kuwa ba su da lokacin dubawa. Iyaye suna zaton alƙalamin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi yake ɗauka. Shi kuma yakan gaya wa kansa, fiye da yadda ya kamata, cewa bai taɓa sa kore inda ba wurinsa ba.

Bana yara maza ashirin da uku ne a aji shida, kuma ɗayansu jikansa ne, ɗan 'yarsa Auta.

Ranar Laraba bayan an tashi, Mataimakiya ta ajiye masa wasiƙun a fayil ta tafi. Ya rufe ƙofa, ya jera alƙaluman biyu, ya fara. Ashirin da biyu ba su ci masa awa guda ba. Ɗan mai gyaran takalma kore, ɗan alƙali shuɗi, tagwayen mai gidan burodi ɗaya kore ɗaya shuɗi, abin da ya san zai jawo surutu idan sakamako ya fito. Da ya ƙirga, kore takwas ne. Sai ta jikansa ta rage a kan tebur ita kaɗai.

Bakanike ake kiran yaron a gida, don babu abin da ya tsira daga hannunsa: rediyon kakarsa, fankar falo, makullin banɗaki. Ƙararrawar makaranta ma da ta shekara biyu a mace, shi ya tashe ta da tsinken waya. Amma a ba shi littafi, sai ya bi layi da yatsa yana motsa baki, abokansa sun juya shafi shi yana tsakiya. Na goma sha huɗu yake zuwa, shi ma da darasin yamma. Ba daƙiƙi ba ne, Hedimasta ya san wannan. Lokaci yake buƙata, makarantar tudu kuwa ba ta ba kowa lokaci. Duk ƙarshen shekara takan sallami goman ƙarshe a kowane aji, kuma ya sha ganin yaro ya dawo da akwatinsa a bayan mota, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi sata.

Yana son yaron, babu wani ɓoye-ɓoye. Duk Lahadi sai sun yi faɗansu na kaka da jika. Yaron ya ce in ya gama makarantar tudu zai ƙwace wa tsoho kujerarsa, shi kuma ya ce ya fara da ƙwace matar tukuna, ga ta can a kicin, ya gaji da ita.

Auta ba ta taɓa roƙonsa ba, kuma wannan ya fi roƙon nauyi. Shekara shida da suka wuce ta bar gidanta na kusa da asibitin da take aikin gwajin jini, ta kama ɗaki biyu a bayan tashar mota don yaron ya riƙa zuwa makarantar kakansa a ƙafa. Tun daga lokacin mota biyu take hawa zuwa aiki, biyu dawowa. Mijinta yana can wani gari suna shimfiɗa titi, sau uku yake zuwa a shekara. Da safen nan ma, da matar Hedimasta ta ajiye masa shayi, sai da ta ce shekara talatin yana ɗaga 'ya'yan mutane, ita dai ba ta ce komai ba.

Ya ɗauki koren, ya cire murfi, ya riƙe shi har tawadar ta fara bushewa a baki. Ya san Magatakarda ba zai tambaye shi komai ba. Zai ga kore tara, ya ɗauki tara, ko ya ɗauki takwas ya zubar da ɗan mai gyaran takalma, tun da sunan kakan Bakanike ya fi nauyi. Ya mayar da murfin. Ya sa hannu da shuɗi, a hankali, ya danna takardar shan tawada a kai. Ya ji zafi ƙwarai, amma ya ji daɗin kansa ma, kuma in za a faɗi gaskiya na biyun ya ɗan fi yawa.

Asabar ce ranar iyaye. Tun ƙarfe takwas suka cika bencin baranda, kowa ya sha ado kamar shi za a ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya suke shiga, su karanta yabon ɗansu, su yi murmushi, su sa hannu. Alƙali ya karanta tasa sau biyu ya ce lallai Hedimasta ya san yaron nan ciki da waje. Mai gidan burodi ya kawo agogon bango, na biyar ke nan a ofishin, kuma babu biyu da suka yarda da juna a kan lokaci.

Auta ce ta ƙarshe. Daga aiki ta zo, farar rigarta a ninke a saman jaka, kuma ta bi layi kamar kowa duk da masinja ya yi ta mata alama ta shige. Ta gaishe shi, ta zauna, ya miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa. Shi kuwa ya kama magana: bana gasar ta yi tsanani, komai na Allah ne, kuma akwai makarantar koyon sana'a kusa da layin dogo da yake jin ana yabonta, suna da injuna masu kyau. Ta bar shi har ya kai aya.

"Baba, shuɗi ne," ta ce.

Ya ce tawada ai tawada ce, ɗayan ne ya ƙare. Ta miƙa hannu ta ɗauki koren daga cikin kofin da yake ajiye su, ta kwance gindinsa, ta ɗaga shi wajen taga. A cike yake.

"Ni nake zuba maka tawada a cikinsu," ta ce. "Tun ina aji huɗu. Kai ka koya mini, ka ce kada in kuskura in haɗa kwalaben, ka kuma gaya mini dalili. A lokacin ba ka ɗauka zan taɓa zama uwar wani ba."

Ya manta, wallahi ya manta. Sai yanzu ya ga yarinyar a tsaye kan kujera a gefen wannan teburin, yatsunta duk tawada. Ita ke zuwa ta ɗaya kowane zango, babu ɗalibin da ya taɓa koyarwa da ya kama ƙafarta, amma bai taɓa rubuta mata wasiƙa ba, don makarantar tudu maza kawai take ɗauka. Ya gaya mata sirrin ne kamar yadda mutum kan yi magana a gaban wanda abin bai shafa ba.

Tun da ƙarya ta ƙi, sai ya koma gaskiya. Ya ce yaron ba zai iya ba, za su koro shi a shekarar farko, kuma wannan ya fi rashin shiga ciwo. Ya ce ita ma ta san yadda yake karatu. Ya ce shekara talatin da ɗaya mutanen nan suna ɗaukar maganarsa ba tare da bincike ba, saboda bai taɓa sa kore don son zuciya ba, ko sau ɗaya.

"Yaya fa?"

Wanta take nufi, babban ɗansa.

"Na goma sha shida yake zuwa. Ni nake masa aikin gida, kana gani kana kau da kai. Ranar da za ka sa masa hannu ni na cika maka koren, har ka ce in ƙara."

Ya buɗe baki zai ce ai wannan ya yi kyau daga baya, ga shi yau babban lauya da ofis hawa na shida. Kafin maganar ta fito ya gane cewa hujjarta ce zai kawo, ba tasa ba. Ya rufe bakin. A waje masinja yana jan bencina yana mayarwa aji.

Can ya ce ta kawo takardar. Mataimakiya ba ta tafi ba, za ta sake bugawa, aikin minti biyar ne. Har ya miƙa hannu wajen alƙalamin da ke gabanta.

"A'a, Baba. In ka canza yanzu, don na kama ka ne. Na riga na ga yadda kake ganinsa."

Ta juya takardar, ta ciro bironta daga jaka, ta sa hannu a baya a kan layin da aka ja wa iyaye, ta rubuta kwanan wata. Ta ninke ta uku, ta sa a ambulan, ta liƙe da kanta, ta ɗora a kan sauran. Ta tambayi ranar da za a kafe sakamako, ya gaya mata. Ta tambayi ko a nan za a kafe ko sai an hau tudu, ya ce a nan. Ta rataya jakarta, ta mayar da kujerar inda ta same ta.

"Na gode, Hedimasta," ta ce daga bakin ƙofa.

Shi kuma, kafin ya ankara, bakinsa ya ba ta amsar da yake ba kowane uba da kowace uwa.

"Allah ya ba da sa'a."