Lomar da Rustem Ya Yar

A wani ƙauye na gefen garin Yozgat a ƙasar Turkiyya, in dusar ƙanƙara ta rufe hanya, duk ranar Alhamis ba a kwanciya bayan isha'i sai an taru an sha arabashi. A zagaye tire, a yanko dafaffen ƙullu mai sanyi da cokali, a tsoma a romo mai zafi, a haɗiye ba tauna. Duk wanda lomarsa ta suɓuce cikin romon, zama na gaba a gidansa za a yi.

Shekara arba'in Dursun yana zama kusa da amininsa Rustem, bai taɓa ganin hannunsa ya yi rawa ba. Tun da matar Rustem ta rasu kuwa, ba wanda ya sake taka gidansa. Daren nan, a ɗakin Dursun, sai ga lomar Rustem tsundum cikin romo.

Ɗaki ya kaure da ihu. "Tsoho ya faɗa! A yanka mana zakara!"

Rustem ya ɗago, baki har kunne. "To, Alhamis ke nan. Kowa ya zo da yunwarsa."

Nan Dursun, sarkin iyayi, ya ɗaga hannu. "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Wa zai tuƙa masa ƙullun? Mutumin da ko shayi bai iya ba? An yafe masa. Ku dawo nan gidana."

"Zan iya, Dursun," in ji Rustem a hankali.

"Rufe mana baki, ɗan'uwa, ci abincinka."

Aka yi ta sa wa Dursun albarka, shi ma ya kwanta yana jin ya yi abin kirki. Ranar Alhamis Rustem bai zo ba, wai ciwon ƙafa. Ta gaba ma haka. Dursun yana ta cewa gobe zai leƙa, bai leƙa ba sai da ƙanƙara ta narke, ranar da Nurten 'yar Rustem ta zo daga Ankara za ta tafi da ubanta.

Yana taya ta ɗaure kaya sai ya ci karo da cokulan katako, sababbi fil, goma sha biyu, ɗaure da zare.

"Tun farkon sanyi ya sa na aiko masa," in ji Nurten. "Kullum sai ya bugo waya in koya masa tuƙin ƙullu irin na Inna, wai zai yi baƙi. Sun zo kuwa, Baffa?"

Kunya da nadama suka rufe Dursun. Su goma sha biyu ne cif a zaman nan; ashe da gangan Rustem ya yar da lomar. Ta taga ya hango Rustem zaune cikin mota, riƙe da kofin shayi cike taf, ko ɗigo bai zuba ba.