Ranar Girkin Ejnar

A gidanmu kowane baligi yana da ranar girkinsa, sau ɗaya a wata. Sassa ashirin da biyu ne a tsohuwar masaƙar da aka mayar gidaje a bayan garin Aarhus, kowa da ƙofarsa da ɗan kicin ɗinsa, amma abincin yamma a ƙasa muke ci tare, daga Litinin zuwa Alhamis. Mutum biyu ke shiga babban kicin kowace rana. Ni Sune kuwa, da Ejnar aka haɗa ni, don babu wanda ya so a haɗa shi da ni.

Ban ga laifinsu ba. Na bar makaranta ina shekara goma sha shida. Na yi aiki a wurin gyaran keke, na yi a gidan burodi, na yi a ɗakin ajiyar kaya, babu inda na cika shekara. Sashen da nake ciki na mahaifiyata ne, ta bar mini da ta koma arewa wurin sabon mijinta. Lokacin da wannan abu ya faru shekarata ashirin da uku, kuma na samu gurbi a wani jirgin kamun kifi da zai tashi ranar ɗaya ga Afrilu. Jakata ma na riga na sauko da ita daga saman kabad.

Ejnar kuwa shekararsa tamanin da ɗaya. Yana cikin mutum shida da suka sayi masaƙar tun tana kango, kuma shi ya ƙera dogayen teburan da muke ci a kai. Matarsa ta rasu, ɗansa yana can babban birni. Abinci ɗaya ya iya a duniya: curin kifi soyayye da dankali da farar miya. Shekara arba'in shi yake dafa wa gidan.

"Sune, feraya kake ko sassaƙa?" in ji shi in ya leƙo kwanona. "Rabin dankalin yana cikin bola."

"To karɓi wuƙar mana, tsoho."

"Da na karɓa, da yanzu ana laluben yatsana a cikin miya."

Sai ya ɗaga hannunsa ya nuna mini yadda yake rawa, ya yi dariya.

Ranar girkinmu ta watan Janairu, mai jirgin ya kira ni a waya. Na fita bayan gida don in ji shi da kyau, na ce wa Ejnar minti biyu. Na yi ashirin. Shi kuma ya ɗora mai a wuta, ya shiga ɗakin ajiya ɗauko gari, da ya isa can sai ya manta abin da ya kai shi, ya zauna a kan buhun dankali yana tunani. Hayaƙi ya cika kicin, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Ɗakin wasan yara bango ɗaya ne da kicin, aka fito da su cikin dusar ƙanƙara da safa kawai a ƙafa. Wuta ba ta kama ba. Cikin ruɗanin na shigo ta ƙofar baya, kowa ya ɗauka ina ciki tun farko, ni ma ban gyara musu ba.

Babu wanda ya ce wa Ejnar komai. Mu haka muke. Akwai takarda a bakin ƙofar ɗakin cin abinci mai sunayen mutanen gida, wanda ba zai ci a ƙasa ba sai ya ja layi a kan sunansa kafin azahar. Ranarmu ta Fabrairu, cikin mutum arba'in da huɗu, goma sha ɗaya suka rage. Na tarar da Ejnar tsaye gaban takardar, tabarau a kan hanci.

"Yau kowa yana da biki a gari," ya ce. "Rage dankalin."

Ya yi girkin, ko zagin ferayata bai yi ba.

Taron gida Lahadin farko ta wata ake yinsa, da rana, da kofi da kek. Ba na zuwa. A watan Maris na je ne don in sanar da tafiyata. Ba ma ƙidaya ƙuri'a a gidanmu. Kowa yana da kati biyu, kore da ja. Ja guda ɗaya ya isa ya tsayar da magana, amma wanda ya ɗaga shi, shi zai ɗauki nauyin al'amarin a kansa har wata shida. An yi dokar ne don kada mutum ya hana abu ya koma ya kwanta.

Bodil ce ke jagorantar zaman, tsohuwar malamar makaranta, mai magana a hankali kamar tana tsoron fasa ƙwai. Ta karanta shawarar da aka kawo: duk wanda ya haura tamanin a ɗauke masa girki, don girmamawa da godiya. Ba a ambaci suna ba. Mutum ɗaya ne ya haura tamanin a gidan.

Rigmor, uwar 'yan biyu, ta ɗaga hannu. "Ni ba zan ɓoye ba. Ina son Ejnar, shi ya koya wa yarana hawa keke. Amma ni na ɗauko su ranar hayaƙin nan, ƙafafunsu kamar ƙanƙara. Tun lokacin ƙaramar ba ta yarda ta shiga ɗakin wasa."

Gaskiya ta faɗa.

"Ejnar, kana da magana?" in ji Bodil.

"Ni? Hutu aka ba ni, me zan ce? Na gode."

Shi ya fara ɗaga kore, tun kafin a nema. Yana murmushi, amma idonsa na kan tebur. Sauran suka bi, ɗakin ya zama kore gaba ɗaya, har na ji wani ya sauke ajiyar zuciya.

Na san abin da girki yake nufi a gidan nan. Wanda yake kan jadawali ɗan gida ne. Wanda aka cire, ciyar da shi ake yi. Na kuma san wata shida daga Maris ya wuce ɗaya ga Afrilu da nisa. Na ɗaga ja.

"Sune," in ji Bodil, "wannan ja ne."

"Na san kala, Bodil. Har aji tara na yi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Ranar nan ba na cikin kicin," na ce. "Ina waje ina waya, minti ashirin. Shi ya sa ake saka mutum biyu, ni na bar shi shi kaɗai. In za a cire wani, ni ya kamata a cire."

Rigmor ta juyo ta dube ni. "Wata biyu kana zaune da wannan maganar a bakinka?"

"Eh."

"Kai, amma ba ka da kunya."

"Eh."

"Kuma ko kana ciki ko ba ka ciki, shi ne ya manta da mai a wuta."

Wannan ma gaskiya ce, ban musa ba. Na ce daga yau wuta tawa ce, ba zan bar kicin ba ko da minti ɗaya, wayata kuma zan riƙa ba Bodil ajiya. Bodil ta tambaye ni ko na san wata shida ne. Na ce na sani. Ta rubuta.

A kan matakala Ejnar ya tare ni, yana haki.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Na riga na gama da abin, yaro. Na ɗaga katina, na yi godiya, da yanzu ina sama ina shan kofi. Ka sa an yi ta maganata a gabana kamar tsohuwar kujera. Jirgin naka fa?"

"Jirage ba sa ƙarewa."

"Wawa," ya ce, ya haye sama.

Washegari na kira mai jirgin, na ce masa na fasa. Bai ma ji haushi ba, ya ce akwai mutum uku a layi. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na yi kwana biyu ina zagaya tashar jiragen ruwa da keke, ba abin da nake nema.

Ranarmu ta Maris mutum goma sha tara suka ci. Ta Afrilu, ashirin da shida. Ejnar yana zaune a kan doguwar kujera yana cura kifi da cokali biyu, ni ina gaban kasko. Zagi ya dawo.

"Juya shi! Gawayi muka yi wa mutane alkawari?"

A watan Mayu Rigmor ta sauko da 'yan biyunta, ta zauna kusa da ƙofa, ba ta gaishe ni ba. Yaran suka ƙara har sau biyu.

A watan Yuni ne abin ya canza. Muna cikin aiki sai ya kira ni da sunan ɗansa, na amsa kawai. Can ya tsaya da cokali a hannu yana kallon kwanon kifin. Ya daɗe a haka.

"Na sa ƙwai?"

"Ka sa."

"Nawa?"

"Takwas, kamar kullum."

Ya ajiye cokalin. "Ban san me ke bin ƙwai ba, Sune. Shekara arba'in. Na duba cikin kaina, babu komai a wurin."

Na ce gari ne, sannan madara. Ya gyaɗa kai, muka ƙarasa. Abincin ya yi daɗi, mutum talatin da ɗaya suka ci. Bayan an watse muna wanke-wanke, ya ce kada in gaya wa kowa. Na ce wannan karon ba zan iya riƙe magana wata biyu ba. Ya ce ba wata biyu yake nema ba, zuwa taro na gaba kawai.

A Yuli gida yana hutu, ba girki ba taro. Na yi watan ina tunanin ko na yi daidai. Na bar jirgi don girki huɗu, kuma ga shi mun dawo inda Rigmor ta ce tun farko. Har yau ban gama wannan tunanin ba.

Lahadin farko ta Agusta, Bodil ba ta gama buɗe taro ba Ejnar ya miƙe, ya dafa tebur da hannu biyu. Ya sa farar riga, ya yi aski.

"Ina neman a cire ni daga girki," ya ce. "Ba don na haura tamanin ba, wannan shirme ne, Bodil ma saura shekara huɗu ta kai kuma ba za ta yarda ba. Don kaina ya fara zubar da abubuwa ne. A Yuni na manta yadda ake curin kifi. Gara in sauka kafin in ciyar da ku sabulu."

Babu wanda ya san ko ya yi dariya. Rigmor ta sunkuyar da kai.

"Shi kuma wannan yaron, ku sake shi. Saura wata guda a wa'adinsa, na yafe."

"Ba kai ke yafewa ba, Ejnar, taro ne," in ji Bodil.

"To taro ya yafe, mu wuce."

Aka amince da duka biyun. Bodil ta sunkuya tana rubutu a littafin taro, shi kuma bai zauna ba.

"Me kika rubuta?"

"An ɗauke wa Ejnar girki, tare da godiyar gida."

"Goge. Rubuta, Ejnar ne ya nema."

Ta goge, ta sake rubutawa.

"Karanta in ji."

Ta karanta da ƙarfi, yadda na can baya ma za su ji. Sannan ya zauna, ya turo mini farantinsa ya ce in yanko masa kek, babba, ba irin yankan rowar da Bodil ke yi ba.