Aron Allura

A tungar su Kulsumi, can hayin gulbi in ka ƙetare daga Argungu, ba a tambayar mutum ko yana cin kifi. Maza masunta ne, mata 'yan banda, yara kuma da romon tarwaɗa ake yaye su. To a irin wannan wuri ne Allah ya ba Kulsumi da mijinta Tamba 'ya wadda jikinta ya ƙi kifi ƙememe.

Sunan yarinyar Rahma, amma ba za ka ji shi a bakin uwarta ba. 'Yar fari ce, Kulsumi kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. "Wagga yarinya" take ce mata, ko "ke". Ba ta yabonta a gaban mutane, kuma in yara suka yi faɗa ita take fara tsawatawa ko da ita aka cuta. Mata suna yaba mata wannan hali, ita ma tana jin daɗin yabon, ba sai an ɓoye ba. Son da take yi wa yarinyar kuwa ya kai inda ya kai, sai dai a ciki ta binne shi.

Tun daga yaye abin ya fara. Da Rahma ta lashi romo sai leɓɓanta su kumbura, jiki ya yi rudu-rudu da borin jini, ta yi ta susa tana kuka. Aka ce iska ce, aka ce baki ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa sassaƙe iri-iri. Daga baya wata tsohuwa, irin waɗanda ba su taɓa rasa amsar komai ba, ta ce shagwaɓa ce kawai, a ɗura mata kifin jiki zai saba. Ran da aka bi shawararta da ƙyar aka kai yarinyar asibiti a Argungu da sauran numfashi. Daga can aka tura su Birnin Kebbi, wurin wata likita mai suna Ummu Hani, wadda ke bincike a kan yaran da jikinsu ke tayar da bori in sun ci wani abinci.

Likitar ba ta da hayaniya. Ta kama hannun Rahma ta ɗiɗɗiga wasu ruwaye a jere, na gyaɗa, na ƙwai, na madara, na kifi, ta ɗan tsattsaga fatar da wani ƙaramin tsinke. Kafin a jima wurin kifin ya tasa kamar harbin rina, sauran kuwa shiru.

"Kin gani, Maman Rahma?" in ji ta. "Ba iska ba ce. Jininta ne ke ɗaukar kifi tamkar guba. Kada ta ci, kada ta lasa. Ko man da aka soya kifi a ciki, kada ya shiga bakinta."

Ta bayyana musu cewa in sun yarda za a sa yarinyar cikin binciken, a riƙa kawo ta ana ɗibar jini ana duba yadda jikin ke sauyawa, ko Allah zai sa a gano abin da zai taimaki yara irinta. Tamba ya yarda. Sai likitar ta ɗauko wata allura mai kama da ƙaton biro ta sa a tafin Kulsumi.

"In kika ga numfashinta na sarƙewa, ki cire murfin ki danna mata a cinya, ko ta kan zane ne, sannan ku yi asibiti da gudu. Sau ɗaya take aiki. Daga nesa ake kawo mana su, kuma ba su da yawa. Ta Rahma ce ita kaɗai. In kin yi amfani da ita ki sanar da ni a ranar."

Kulsumi ta koma gida ta kashe murhun bandarta, sana'ar da ta gada daga uwarta, ta koma turara shinkafa. Ta ware wa yarinyar tukunya da ludayi da kwano. Tamba in ya dawo daga su sai ya wanke hannu da toka kafin ya taɓa 'yarsa. Ta bi gida-gida ta gaya wa maƙwabta kada a ba ta kifi. Suka yi dariya, suka ce 'yar masunci da ƙin kifi sai ka ce 'yar kura da ƙin nama, amma suka kiyaye.

Shekara ta zagayo lafiya lau. Rahma ta yi ƙiba, ta yi wayo, ta zama ba ta da wasan da ya wuce kama kajin gida tana soka musu kara a cinya wai allura take yi. Tafiya Birni kuwa ta zame mata sallah, saboda shiga keke mai ƙafa uku da alewar da likita ke ba ta.

Kuskure ɗaya Kulsumi ta yi tun farko: ta nuna wa mata allurar a bakin rijiya. Magana kuwa in ta fita daga bakin rijiya ba ta komawa yadda ta fito. Kafin wata ya mutu an san a ɗakin Kulsumi akwai allurar Birni mai tayar da wanda ya kusa mutuwa.

Tsakiyar damina, ruwa ya cika fadama ya shanye hanya, sai da jirgi ake fita tungar. Wata la'asar aka ji ihu daga gidan da ke jikin nasu. Sahabi ne, ƙato mai 'ya'ya biyar, kunama ta harbe shi a hannu yana ɗaga itace. Yana birgima a ƙasa, zufa na karyo masa, yana kiran sunan uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Matarsa Sauda ta faɗo gidan Kulsumi ba mayafi, mata na biye da ita.

"Yaya Kulsumi, don Allah, don Annabi! Dahin ya kai mai ga zuciya. Ara mini allurar ga!"

Kulsumi ta ce, "Sauda, likita tac ce ta wagga yarinya ta ita ɗai."

"Wace yarinya?" in ji tsohuwar nan mai amsar komai. "Ga ta can tana wasa da kaji, lahiya tai lau. Magidanci na kwance shina mutuwa, ke kina ɓoyon magani don ɗiyar hwari? Kulsumi, ba mu san ki da haka ba."

Nan ne aka kama ta. Da don ɗan wani za ta hana, da ta iya. Amma ta tsaya gaban matan tunga ta ce ran 'yarta ta fari ya fi mata ran mijin maƙwabciya? Bakinta ba zai iya furta wannan ba, ba a koya masa ba. Kuma a tungar nan ba a taɓa cewa babu. Gishiri, wuta, turmi, likkafani, duk aro ake yi, wanda ya hana kuwa har jikokinsa sai an goranta musu.

Ta shiga ɗaki ta ciro allurar daga ƙasan kwalla. Da hannunta ta danna wa Sahabi a cinya, yadda aka koya mata ta yi wa Rahma. Mutumin ya yi ta kakkarwa, zuciyarsa na bugu har ana gani ta riga. Washegari ya tashi ya saɓi gorarsa da homar kamun kifi ya tafi gulbi. Tunga ta ɗauka: allurar Birni ta ta da Sahabi.

"Kin yi abin kirki," Tamba ya ce mata. "Ranar komawa ta kusa, sai ki hwaɗa ma likita ta ba mu wata."

Akwai lambar likitar a wayarsa. Kulsumi ta so ta ce ya kira yanzu, sai ta tuna da "ta Rahma ce ita kaɗai", kunya ta rufe ta. Da wane baki za ta fara? Ta mai da kwankon allurar ƙasan kwalla, ta ce a ranta kwana nawa ne, yarinyar da ta shekara ba abin da ya same ta.

Sauda mace ce mai sanin alheri, wannan ba wanda zai ƙwace mata. A wurinsu ba a mai da kwanon aro wofi, balle allurar da ta ceci miji. Ran Juma'a da hantsi ta jiƙa wake, ta niƙa, ta soya ƙosai manya-manya, ta zuba a kwanon sha mai murfi ta kawo da kanta. Kulsumi na bayan ɗaki tana shanya shinkafa. Ta jiyo muryar Sauda a tsakar gida:

"Rahma, zo amshi. Naki na ke ɗai, ke da kib ba Babanku Sahabi allurarki."

Ta yi murmushi ta ci gaba da baza shinkafarta. Sai da ta gama ta zagayo. Rahma na zaune da kwano a cinya, baki duk maiƙo, ta miƙo mata ɗaya. Kulsumi ta karɓa ta kai hanci. Matar da ta tashi a gindin murhun banda ba a ɓoye mata ƙarnin kifi, ko an tace shi ta tsumma bakwai.

"Sauda! Da wane mai kis soya?"

Sauda ta leƙo ta kan danga. "Man jiya na, na tace shi tas. Ba ko ɓurɓushin kihi ciki, wallahi. Ai na san ba ta ci."

Rahma ta fara susar wuya. Ta ce, "Inna, harshena ya yi nauyi."

Kulsumi ta ruga ɗaki, hannunta ya kai ƙasan kwalla kafin hankalinta ya tuna. Ta fito da kwankon duk da haka, ta danna a cinyar yarinyar, ta sake dannawa. Ba abin da ya fito.

Tamba na bakin ruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya sunkuci 'yar ya sa a jirgi, Sahabi ya diro ya kama ɗayan filafilin, ƙarti biyu suka yi ta tuƙi kamar hannuwansu za su cire. Amma ruwan damina ya yi faɗi, Argungu na can ana hango rufin kwanonta ba ta matsowa. Kulsumi na rungume da yarinyar. Fuskar ta kumbura har idanu sun rufe, numfashin ya koma wani siririn fito, leɓɓan suka yi baƙi. A tsakiyar gulbi fiton ya tsaya.

"Rahma," in ji Kulsumi. "Rahma! Rahmatu, ɗiyata!"

Tamba ya juyo ya dube ta. Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Yarinyar ma ba ta taɓa ji ba, kuma ba ta ji wannan ba. Suka juya jirgin suka koma tunga.

An yi jana'iza bayan sallar Juma'a. Sauda ta yi kuka har ta suma, kuma Kulsumi ba ta iya jin haushinta ba, don ta san da zuciya ɗaya ta yi. Masu gaisuwa suka yi ta faɗin magana guda: kwana ne ya ƙare, kuma ai allurar ba ta tafi a banza ba, ta ceci uban 'ya'ya biyar. Kulsumi ta kama wannan magana ta riƙe gam. Ita ce ta hana ta haukacewa. Rai ya tafi, rai ya tsira, Allah ya san abin da ya yi.

Ranar komawa asibiti ta zo, ta shirya ta tafi Birnin Kebbi ita kaɗai. A barandar asibitin ta tarar da mata a jere kan benci da 'ya'yansu. Da layi ya zo kanta ta shiga, ta ajiye kwankon allurar a kan tebur. Likita Ummu Hani ta dubi bayanta tana neman yarinyar, alewa a hannu.

Kulsumi ta ba ta labari duka, ba ta rage komai ba. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana kallon tebur, hawaye na zuba.

"Laifina ne ni ma," ta ce. "Na gaya miki ta Rahma ce, ban tambaye ki yadda kuke zaune da maƙwabta ba."

"Likita, abu guda nike son ki hwaɗa mini," in ji Kulsumi. "Shi Sahabi, da ban yi mai ba, da ya mutu ko?"

Likitar ta ɗago ta dube ta. Ta so ta yi ƙarya, an ga alama a fuskarta. Amma matar da ke gabanta ta ƙetare gulbi ne don ta ji gaskiya.

"Maman Rahma, allurar nan ba ta maganin dafin kunama. Zafi ne ya gigita shi. Ƙato irinsa, ko ba a yi masa komai ba, da safe zai tashi. Allah ma ya kiyaye ba ta taɓa masa zuciya ba."

Kulsumi ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ɗan abin da ta dogara da shi tun ranar jana'iza ne aka zare. Ta gyara mayafi, ta yi godiya, ta fito.

A baranda wata yarinyar mace, da goyo a baya da ɗan yaro a gefe, ta fito da sabuwar allurar da aka ba ta tana nuna wa na kusa da ita. Suna karɓa hannu-hannu suna juyawa, wata na tambayar ko tana maganin sarar maciji. Kulsumi ta tsaya a kanta. Ta karɓe allurar daga hannun mai tambayar, ta cusa wa mai ita a cikin jaka, ta ja zif ɗin.

"Ɓoye abinki, ƙanwata," ta ce. "Kada kowa shi gani. Wanda duk yat tambaye ki, ko uwarki ta, ki ce babu."

Ta juya ta nufi ƙofa. Ba ta yi nisa ba ta ji mai allurar na ce wa ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa:

"Oh ni! Wagga baiwar Allah akwai rowa."