Ba Magani Ba Ne, Baba

A cikin likitocin da suka dawo ƙarin karatu, babu wanda ya kai Dogo iya bayani. Duk mako Farfesa, babbar malamarsu, takan haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya mai bincike, a yi ta gwaji. Dokarta guda ce: in ka gama yi wa mutum bayani, kada ka tambaye shi ko ya gane, don kowa zai ce maka e. Ka sa shi ya maimaita maka da bakinsa.

Binciken Dogo a kan ciwon dajin hanta ne. Yana ɗibar jinin masu ciwon, a kai ɗakin gwaji, ko wata rana a gano alamar da za ta tona cutar tun ba ta yi nisa ba. Amfanin na mutanen gaba ne. Wanda aka ɗebi jininsa ba ya samun komai sai godiya.

A gadon ƙarshe na ɗakin mata akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Nata ciwon ya riga ya yi nisa. Babban likita ya sallame ta da maganin rage zafi, ya ce a kai ta gida cikin 'ya'ya da jikoki, abin da ita ma ta daɗe tana roƙo ke nan. Har an ɗaure kayanta, ɗanta ya turo mota, sai Dogo ya iso, ya ja kujera kusa da mijinta, wani tsohon tela mai zare maƙale a hannun riga. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar yadda aka koya masa.

"To Baba, faɗa mini abin da ka ji na ce."

"Ka ce za a ɗebi jininta a kai ɗakin bincike, a gano maganinta."

"A'a, Baba. Ba magani ba ne. Ita ba zai amfane ta ba. Don wasu ne, can gaba."

Tela ya yi murmushi, ya dafa gwiwarsa. "Haka likitan kirki yake, ɗana, ba ya cika baki. Ni ma in an kawo ɗinki ba na cewa zai yi kyau, sai an sa a jiki."

Dogo ya ce su yi shawara, zai dawo. Da ya dawo bayan azahar ya tarar an kwance kayan, an mayar da kofi da ɗan tawul kan durowa. Sista, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, gwanin baki. Tsohon ya sallami motar. Wai ba za su tafi ana dab da samo magani ba."

"Ni fa ban ce masa haka ba."

"Na ji abin da ka ce. Shi kuma ya ji abin da ya zo nema."

Washegari ya sake gwadawa. Ya bar maganar bincike, ya kawo misalin mai dasa itacen da ba zai sha inuwarsa ba. Tela ya ce ai wani itacen da wuri yake yin inuwa. Dogo ya zana hanta a bayan takarda, ya nuna masa inda cutar ta cinye. Tela ya karɓa, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihun gaba kamar an ba shi shaida.

Dogo ya kai kukansa ofishin Farfesa. Ta cire tabarau, ta saurare shi har ya gama.

"In bai gane ba, babu yarda. Cire ta daga binciken."

"In na cire ta za su tafi gida?"

"Wannan ban sani ba. Ni abin da ya halatta kawai nake faɗa maka."

Ya je ya faɗa wa Tela an cire ta. Tsohon ya zame daga kujera ya durƙusa a kan siminti, a gaban duk matan ɗakin.

"Na san mu ba kowa ba ne, likita. Na san akwai masu hanya. Amma ka dubi Allah, kada a ba wani gurbinta."

Dogo ya kama kafaɗunsa yana ɗaga shi, gumi na tsattsafo masa ta cikin farar riga. Tela ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce zai je ya roƙi babbar malamar da kansa, ya fita yana tambayar hanya.

Sai a lokacin Inna ta yi magana. Muryarta ta shaƙe, dole Dogo ya sunkuya.

"Ɗana, ni na gane tun jiya. Kada ka wahalar da bakinka."

"To Inna, ki faɗa masa mana. Ke zai ji."

"Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan. Ko allura ce ta ɓata masa ba ya barin shago sai ya gan ta. Ni ce zan ce masa ya daina nema?" Ta huta, ta lashi leɓe. "Ga dabara. Ɗebi jinin, ka ce masa an ce mu je gida mu jira maganin. Ina son in kwana a ɗakina. Akwai jikata da aka haifa ban gan ta ba."

Dogo ya auna maganar. In ya ce a jira magani, ya yi ƙarya, kuma da ƙaryar zai sami jinin. In ya ƙi, tana nan a gadon nan.

Da Tela ya dawo, bai sami Farfesa ba, Dogo ya zaɓi abin da yake gaskiya a ciki.

"Baba, ko an ɗeba ko ba a ɗeba ba, zamanta a nan ba ya ƙara komai. Ku kai ta gida. Gida take so."

"In abin ya fito muna can fa? Garin da nisa, ɗana. Kafin mu iso an ba wasu." Ya juya ga matarsa, ya gyara mata matashin kai. "Ki ƙara haƙuri kaɗan, kin ji? Mun kusa."

"Na ji, Malam," in ji Inna.

Ta ɗago ido ta dubi Dogo, tana jira. Ya kau da ido. Tela kuwa ya shimfiɗa ɗankwalinta a cinya, ya zaro allura daga hularsa, ya shiga kama bakin da ya warware. Inna ta ɗan ƙara jira, sannan ta juya fuska wajen bango, ta ce wa Sista a sauke mata labule, hasken ya yi mata yawa.