Ƙaya a Kan Kabarin Nemesio

Tun da aka fito da gawar Nemesio daga ramin kwal, matarsa Herlinda ba ta yi kuka ba. Tana dafa wake, tana gasa wainar masara, tana yi wa 'yarta Chabela wanka, duk kamar da hannun aro. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Maƙabartar da ke bayan gidansu ba ta da katanga, karnukan daji kuwa sun fara tonon gefen kabarin. Ga shi ta samu aikin ɗinki a birnin Saltillo, kuma ba za ta tafi ta bar shi haka ba.

Maganin tono kowa ya sani, alikoce ne, tsiron dajin nan mai ƙaya, iri-iri. Ta hau tudun duwatsu ta nemo shi. Ta wuce mai dogon reshen nan da ke ɓallewa ya maƙale a ƙafar yaro, ta tsaya kan wanda ke yin tuli a ƙasa, kawuna a cure wuri guda, ƙayarsa doguwa, launin busasshiyar ciyawa. Shi ne mai jajayen 'ya'yan da Nemesio ke kawo wa Chabela a cikin hularsa. Ta sari kawuna, ta bar su a inuwa har bakin saran ya bushe, sannan ta dasa su a tsakuwar kan kabarin.

Ana jibi tafiya suka je dubawa da surukarta, Doña Tránsito. Kawunan duk sun yi luguf, sun ɗashe, suna wari.

Tsohuwar ta soka ɗaya da sandarta. "Wannan ruwa ya sha. Haba 'yar nan, ke da aka haifa a nan! Shinkafa kika ɗauka kin dasa?"

"Ko ɗigo ban zuba ba, Inna."

"To wa? Gajimaren da rabonmu da shi tun bara?"

Chabela ta leƙo daga bayan siket ɗin uwarta, da kofinta na roba a hannu. "Ni ce. Kaka, ai ke kika ce matattu na jin ƙishirwa."

"Ji min ja'irar yarinya! Ran bikin tunawa da su na ce, a kofi, a kan tebur. Ban ce ki mai da ubanki lambu ba."

Herlinda ta durƙusa ta ɗaga haɓar yarinyar. Leɓen ya tsattsage. Ruwan gidan na tanki ne, a gwargwado ake rabawa, ashe nata rabon take kawowa nan. Ta jira ta ji zuciyarta ta motsa, ba ta ji komai ba. Ta dai buɗe gorarta.

"Sha."

"Na Baba fa?"

"Ke tukuna. Shanye."

Ta tumɓuke ruɓaɓɓun da hannu, ta kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta koma tudu ta saro sababbi. Sai da ta sauke su ta tuna. Ɗanyen sara in ya shiga ƙasa ruɓewa yake yi, ita kuwa ba ta da kwanakin jira. Gwiwoyin tsohuwar ma ba sa lanƙwasuwa, balle ta dasa daga baya.

"Jera su kawai a kwance," in ji Doña Tránsito. "Ki tokare da duwatsu. Wannan mugun iri ko ba a roƙe shi ba, zai kama. Kafin nan, ƙaya ƙaya ce."

Herlinda ta jera su daga kai har ƙafa, ba ta bar wurin da kare zai sa dagi ba. A wajen kai, can nesa da ƙayar, ta kafa wani kofin yumɓu tsakanin duwatsu.

"Nan Baba zai riƙa sha," ta ce wa Chabela. "Kaka ce za ta cika masa. Naki naki ne, kin ji?"

"In ta manta fa?"

"Ni zan manta da ɗan da na haifa?" in ji tsohuwar. "Tafi can, sarkin iyayi."

Ran tafiya motar ƙanin Herlinda da ta ɗauko su ta bi ta gefen maƙabartar. Daga nesa kabarin kamar bushiya ta kwanta. Chabela na ɗaga masa hannu. Herlinda ta duba ƙasar gefensa, babu sabon tono. Ta gyara wa yarinyar zama, ta miƙa mata gora, sannan ta sa haƙori ta ciro wata ƙaya da ta kwana a babban yatsanta.